Ranar da na yi wa Baffa ta'aziyyar kansa

A shekarar da na gama hidimar ƙasa na dawo gida Kazaure, ni mutum ne mai tsoron a ce bai kyauta ba. Aiki bai samu ba tukuna, sai na mai da waya ofishina. Ina cikin guruf na dangi, da na 'yan ajinmu, da na matasan unguwa, kuma ba a haihuwa ko rasuwa ban riga kowa tura addu'a ba. A zatona wannan shi ne zumunci. Ba zan ce na yar da dangi ba, amma dai yayan mahaifina, wanda muke kira Baffa, yana wani ƙauye bayan Gwiwa, tafiyar da ba ta gagari babur ba, kuma na daɗe ban taka gidansa ba. Ga shi tun rasuwar mahaifinmu shi ne ubanmu, shi ne kuma zai je Babura ya nema mini auren yarinyar da nake so.

Wata safiya ina duba waya sai na ga babban ɗan Baffa ya ɗora hoton mahaifinsa, fari da baƙi, babu rubutu ko ɗaya a ƙasa. Kowa ya san yadda abin yake yanzu, in aka ɗora hoton tsoho haka kawai, to an yi rashi. Don a yi mini adalci, na yi bincike iyakar iyawata. Na kira ɗan nasa, layi bai shiga ba. Na kira Baffa, a kashe, na manta cewa ƙauyen babu sabis sai an hau tudu. Sai na rubuta a guruf na dangi cewa da alama, in dai ban yi kuskure ba, Allah ya yi wa Baffa rasuwa, amma a dakata a tabbatar. Wanda ya fara tura saƙon gaba ya yanke «da alama», na biyu ya yanke «a dakata». Kafin hantsi saƙona ya dawo mini daga wani guruf, har da lokacin jana'iza. Abin kunyar, da na gan shi sai na ce ashe ta tabbata.

Mahaifiyata ta ɗauki mayafi ta bi motar farko, tana cewa in biyo ta yanzu. Na ce ga ni nan. Amma masu yi mini gaisuwa sun cika waya, kuma na ga rashin ladabi ne a yi wa mutum ta'aziyya ya yi shiru. Haka na zauna ina amsa wa kowa ɗaya bayan ɗaya, har da masu tura hoton hannu kawai, sai da aka kira azahar na hau acaba.

Na isa na tarar da tabarmi a ƙofar gida, cike da mutane, har da mahaifin yarinyar da ya taso daga Babura da buhun gero. Na ɗan lura babu mai kuka, kuma kamar ana danne dariya, amma na ɗauka tawakkali ne. A daidai lokacin wayata ta kama sabis kaɗan, saƙonni suka shigo. Na durƙusa gaban dattijon da ke tsakiya, kaina a sunkuye, rabi don ladabi rabi don allon waya, na ce masa ya haƙuri. Ya amsa da godiya, sannan ya tambaye ni wa aka rasa. Na ce Baffa. Ya tambaya ko na sami jana'iza, na ce wallahi hidima ce ta riƙe ni. Sai ya ce in ɗago in dubi mamacin, tunda ban samu ganinsa yana da rai ba.

Ban san yadda ƙafafuna suka kai ni bayan rumbu ba, takalmina ɗaya dai a kan tabarma na bar shi. Ashe ɗan nasa sabuwar waya ya saya yake gwada kyamara.

Da aka dawo da ni, Baffa bai ɗaga murya ba. Ya ce ya gode, domin ba kowa Allah yake nuna wa masu zuwa gaisuwarsa ba, kuma ya ga wanda ya zo ƙarshe. Ya ce wa baƙon Babura, gero kam ya karɓa, amma maganar aure sai dai a nemi wani waliyyi, shi bai taɓa jin inda matacce ya je neman aure ba. Mahaifin yarinyar ya yi dariya har da hawaye, amma da zai tafi ya ce shi ma zai so ya ga fuskar surukinsa, don tun da ake zancen nan tsakiyar kaina kawai ya sani.

Mahaifiyata ce ta yi ta ba da haƙuri, har Baffa ya kafa sharaɗi. Duk ranar kasuwar Gwiwa in zo in tabbatar da idona yana raye, in bar wayar a Kazaure, har a yi girbi. Makonnin farko hannuna ya yi ta lalube a aljihu. Daga baya na fara jin abin da ake faɗa. A kan tabarmar nan na san Baffa yana fama da gwiwa, na ji labaran mahaifina da ban taɓa ji ba, na kuma gane babu wanda ya lura da rashina a guruf. Da aka ɗaure dawa, Baffa ya sa babbar riga ya ce in sanar a waya cewa mamaci zai je Babura. Na ce a'a, zan je in faɗa da baki. Ya ce to yanzu na yi hankali.

Ban ce waya ba ta da amfani ba, wataƙila ni ne ban iya ta ba. Amma 'yan'uwa, in kun ga hoton tsohonku babu bayani, ku ajiye ta ku hau babur. In ya rasu kun sami jana'iza, in yana raye kun sami gaisuwa. Ni da na tsaya rubutu, sai na rasa duka biyun, da takalmi ɗaya.