Hannun da Ke Cikin Turmi

Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara ashirin da huɗu, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Ni 'yar Zuru ce, mahaifina tsohon soja, a bariki na fara koyon kareti tun ina firamare. Har na girma ban haɗu da wadda ta kayar da ni a yankinmu ba. Don haka da aka zaɓe ni zuwa Japan horon wata huɗu, ko mamaki ban yi ba, gani nake an ma makara. A coci aka yi mini addu'a, matan unguwa suka haɗa mini yaji da daddawa, na tafi.

A can aka sauke ni gidan wata mata, babbar ɗaliba a makarantar karetin da zan yi horon, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Yaya nake ce mata, har ta saba da amsawa. Ita ta saya mini rigar sanyi, ita ta koya mini cin abinci da tsinke biyu, ita ke gyara mini tsayuwa in malam ya juya baya. Shekara biyar tana shirin jarrabawar ƙarin matsayi a baƙar ɗamara, wadda ƙwararrun 'yan kareti ke ɗaurawa, an kuma sa ranar cikin watan farko na sabuwar shekara. Kullum da safe sai na ji ta a bayan gida tana naushin katako.

Ƙarshen shekara babban abu ne a wurinsu. Muka share makarantar tas, muka goge daɓe da tsumma a durƙushe, washegari aka fito da turmi. Al'adarsu ce a turara shinkafa mai danƙo, a daka ta har ta haɗe jikinta, a mulmula a ci ranar sabuwar shekara. Mutum ɗaya ke riƙe gudumar katako, ɗaya kuma ya tsuguna gefen turmin yana jiƙa hannu yana juya shinkafar tsakanin bugu da bugu. Mai juyawa ke da iko: sai ya janye hannu ya yi kira, sannan mai daka ya sauke. Da na ga samarinsu na haki bayan ɗan bugu kaɗan, dariya ta kama ni. Na ce musu ni a bakin turmi na tashi, ina dakan dawa tun ban kai tsawon taɓarya ba. Yaya ta ji daɗi, ta ce ita za ta juya mini. Sau biyu ta nanata mini in jira muryarta, na ce na ji, alhali hankalina na kan 'yan kallo.

Da farko lafiya lau. Aka fara tafi, ni kuwa jikina ya koma tsakar gidanmu. Duk wadda ta taɓa lugude ta san ba a barin giɓi, da taɓaryar 'yar'uwarki ta tashi taki ta sauka, in kin yi jinkiri a yi miki dariya. Kuma a namu turmin ba mai sa hannu. Shinkafar ta manne a gefe, Yaya ta tsaya ɓamɓaro ta, ba ta yi kira ba. Ni na sauke gudumar.

Ba ta yi ihu ba, ta dai rungume hannun ta sunkuya. Yatsu uku na hannun dama suka karye. Likita ya ce biyu za su warke, na tsakiya kuwa ba zai ƙara lanƙwasuwa ba, wato ba za ta sake dunƙule hannu ba. Ranar jarrabawa ta zo ta wuce Yaya na zaune a benci da bandeji.

Abin da na yi bayan nan ya fi ci mini rai. A wurinmu in ka yi wa mutum ɓarna irin wannan, manya ake turawa su ba da haƙuri, kai kana bayansu kanka a ƙasa. Ni ba ni da babba a can, sai na rasa ta inda zan fara. Na kwashe kayana na koma ɗakin ɗalibai, in na hango ta in sake hanya. Sau uku ta aiko a ce mini in dawo gida, ba ta riƙe ni a zuciya ba, na ce kunya ba za ta bar ni ba. Har na hau jirgi ban tsaya gabanta na roƙi gafara ba. Sai daga baya na gane na bar ta da hannu ɗaya a gidan da ba mai ɗaura mata ko zaren takalmi, ni ina can ina lallashin kunyata.

Yau ina koyar da 'yan mata kareti a Zuru, kuma abin da nake fara gaya musu shi zan gaya wa masu karatu. In kin je ƙasar mutane kika ga abin da ya yi kama da na gida, a nan za ki fi buɗe kunne, don wanda kika ɗauka kin iya shi ke cutarwa. In kuwa ɓarnar ta riga ta auku, ki je da ƙafarki tun da wuri, ko bakinki na rawa.

Suna da al'adar aika wa juna kati a sabuwar shekara. Nata bai taɓa fashin iso mini ba, ni kuwa sai a na uku na sami ƙarfin ba ta amsa. Na farko da ƙyar na karanta shi, na bana kuwa rubutun ya miƙe sarai. Da hannun hagu take rubutawa.