Wa Ya Shayar da Ni Maganina?

Salamu alaikum. Na ga saƙonninku, na waɗanda suka damu da shiruna da na masu son jin gulma. Yau dai kowa zai samu rabonsa.

Ga wanda bai san ni ba, aikina binciken kitsen jini ne, wato kolesterol, a wani labo, ɗakin bincike ke nan, da ke unguwar Harobanda, ƙetaren gada. Shekaru na kwashe a kan ɓawon wani itace, ina gwada shi a jikin ɓeraye ko zai zama magani wata rana. Ba zan faɗi sunan itacen ba, za ku gane dalili.

Ciwon kitsen jinin na gado ne a gidanmu. Shi ya toshe wa babana jijiyar zuciya, ya faɗi a shagonsa a Damagaram, bai ƙara tashi ba. Ni ma ina da shi, kullum sai na haɗiyi ƙwayar da likita ya rubuta mini.

Abin ya fara da gajiya. Sai abinci ya fita raina, fitsarina ya koma kamar shayi. Wata safiya na duba madubi, na ga idona ya yi rawaya.

Aka kwantar da ni, aka ɗaura mini serom, wato ƙarin ruwa. Kowace safiya a ɗebi jini, kowace yamma a kawo sakamakon da ya fi na jiya muni. Kuɗin analiz, wato gwajin jinin, kaɗai ya cinye albashina. An nemi ƙwayoyin cutar hanta, babu ko ɗaya, amma hantar tana ta lalacewa. Na ji tsoro ƙwarai, don na iya karanta takardun, babu mai iya rarrashina da ƙarya.

Likita ya dakatar da ƙwayata, bai ga sauyi ba. Sai ya ja kujera ya zauna kusa da ni.

"Madam, tsakaninki da Allah, kin gwada ɓawon nan a jikinki?"

Na rantse masa. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya saba jin rantsuwar marasa lafiya.

Kafin in ankara maganar ta haye gada ta isa labo. Wai na gaji da ɓeraye na koma kaina. A aikinmu wannan ba ƙaramin zargi ba ne. In ya tabbata za a rufe binciken, kuma babu mai ƙara yarda da sakamakon da ya fito daga hannuna.

Da na ga ana zargina, ni ma na shiga zargi. Na zargi mai farmasi da sayar mini da jabu. Daga nan na dira a kan Malam Isufu, abokin aikina, wanda muke sa-in-sa kan sunan wa zai zo farko a rubutunmu. Shi ke riƙe da makullin firjin da muke ajiye ruwan ɓawon, kuma shi ke dafa mana shayi. Da ya zo dubiya da lemu, ko taɓawa ban yi ba. Na sa aka kai bola.

Abu ɗaya nake sha hankali kwance, kunun tsamiyar Inna. Mahaifiyata ta dawo wurina tun bayan rasuwar Baba, kuma kullum tana bisa tabarma a gefen gadona da fulas ɗinta.

Da likita ya kasa gano dalilin ciwon, sai ya kafa doka: kada wani abu daga waje ya ƙara shiga bakina.

Inna ta ɗago kai. "Lokotoro, har kunun maganin nata?"

"Wane magani, Hajiya?"

"Nata mana. Wanda ta gano."

Likita ya sa ta yi bayani.

Ashe ranar da aka yi hira da ni a rediyo, Inna ta kasa kunne. Na faɗi sunan itacen, na ce ɓawonsa ya rage kitsen jini a jikin ɓeraye, ita kuwa ba ta ga abin da ya haɗa ta da ɓera ba. Ta tafi unguwar Bukoki wurin masu sayar da saiwoyi, ta sayo shi, tana dafawa tana zubawa a kununa, ta danne ɗacin da tsamiya da citta. Da na kwanta ciwo ma sai ta ƙara yawansa.

Na ce, "Inna, don me ba ki gaya mini ba?"

Ta ce, "Da kin hana ni. Ƙwayar Nasara babanki ya sha, ina yake? Na ce tunda ɗiyata ta gano nata, ba zan zura ido a ɗauke mini ke ba."

Na so in yi faɗa, kuka ya riga ni.

Aka daina kunun, hanta ta fara dawowa a hankali. Yau ina gida, idona fari. Na gode wa Allah, na gode wa likitan da bai gaji da tambaya ba. Malam Isufu kuma na nemi gafararsa. Ya ce ya yafe, amma in biya shi lemunsa. Bincikenmu yana nan, yanzu har da duba abin da ɓawon ke yi wa hanta.

Shawarata: in an tambaye ku me kuke sha, ku faɗi duka, har jiƙo da tsimi, kuma a tambayi mai dafa muku abinci. In idonku ya yi rawaya, ku nufi asibiti. Abin da ya yi aiki a jikin ɓera bai zama magani ba tukuna. Mu masu bincike kuma mu iya bakinmu a rediyo, iyayenmu na saurare.

Ku sa Inna a addu'a, don ita ba ta gama warkewa ba. Yanzu in ta dama kunu, sai ta fara kurɓa a gabana kafin ta miƙo mini. Ban taɓa cewa ta yi haka ba. Jiya na riƙe hannunta, na karɓi kofin, na riga ta sha.