Keken Wanzami a Bayan Motar Gummi

Anka

Ana sallame sallar asuba na turo keken daga zaure na nufi tasha. Gari bai gama wayewa ba, kuma na san babu direban da zai hau hanya sai ya ga haske, don zamani ya canza. Sabon keke ne, zan kai wa Baba. Mahaifina wanzami ne a wani ƙauye kusa da Nasarawa Burkullu, kuma tsohon baƙin kekensa, wanda ya girme ni, ya karye ta inda walda ba ta kamawa. Ga shi washegari akwai suna a rugar Arɗo Buba, gidan da Baba ke yi wa aski tun ba a haife ni ba. Ƙafarsa ba za ta kai shi ba, babur kuwa ya rantse ba ya hawa. In bai je ba wani za a kira, kuma a wajenmu wanda ya aske jariri shi ne wanzaminsa har ya yi gemu.

Malam Isuhu mai gyaran keke, wanda ya samo mini keken, ya riga ni zuwa tasha. Direban motar Gummi ya dubi keken ya ce, “Wannan sai dai a kwance shi.” Malam Isuhu ya kifa keken a kan sirdi, ya saki ɗan maɗaurin cibiyar taya, tayar gaba ta zaro kamar wasa. Ya mai da sarƙa kan ƙaramin giya, ya ciro ta baya. Keken irin na yanzu ne, birkinsa faifan ƙarfe ne a tsakiyar taya. Ya naɗe faifan da tsumma mai tsabta, ya ninke kwali ya cusa a bakin kowane birki.

“Ka ji ni da kyau,” in ji shi. “Muddin taya na waje, kada kowa ya matsa birki. In aka matsa babu kwalin nan, bakin zai rufe, faifan ba zai koma ba.”

Na ce, “Haba Malam, sai ka ce yaro!”

Kan hanya

Wajen bakwai da rabi muka tashi, mu huɗu a baya kamar kifi a kwando. But ɗin motar a buɗe yake, an ɗaure shi da igiya: keke a ƙasa, buhun gero a gefe, sai akuyar wata dattijuwa. A shingen farko jami'i ya leƙa ya ce, “Wa ya yanka keke haka?” Muka yi dariya, ya ɗaga mana hannu. A na biyu muka sayi ƙosai da zafinsa.

Ni dai ido na kan hanya, zuciya na wani wuri. Hanyar nan na san ta a bayan Baba, ina zaune kan kariyar keke, zabirarsa a cinyata, asake na ƙara a ciki. Mukan fita tun da duhu ba tare da tsoron kowa ba, matan ruga su tare mu da nono a ƙwarya. Wallahi na yi kewar lokacin nan.

Gida

Kafin azahar aka sauke ni a Nasarawa Burkullu, na samu amalanken shanu da zai bi ta ƙauyenmu. Inna ce ta fara hango ni. “Ikon Allah! Mi ka kawo muna haka gunduwa-gunduwa?”

Baba ya fito yana ɗingishi. Ban ko gama gaishe shi ba ya kama kan keken, ya yi abin da duk wanda ya tsufa a kan keke yake yi: ya matsa birki, ya sake matsawa, yana gyaɗa kai. Sai a lokacin na duba. Kwalin baya yana nan. Na gaba kuwa babu shi, sai ɗan guntu jiƙe da yawu. Akuyar dattijuwa ta yi kalaci da shi!

Na gwada mai da tayar, faifan ya ƙi shiga. Na juya, na lallaɓa, na yi gumi, ina! Baba ya zauna bakin turmi ya ce a hankali, “Shi ke nan. A aika ma Arɗo ya nemi wani.” Ban taɓa jin muryarsa ta yi sanyi haka ba.

Na hau surin bayan gida, inda waya ke kamawa, na kira Malam Isuhu. Sai da ya gama dariyarsa ya ce, “Sai ka ce yaro, ko? Nemi ƙarfe mai faɗi, marar kaifi, ka goge shi tas, ka sa tsakani ka buɗa a hankali.” Wuƙar Inna ta yi kaifi, cokali ya yi kauri. Sai Baba ya tashi ya shiga rumfa, ya kwance 'yar jakar fatar da ke ƙarƙashin sirdin tsohon keke, ya zaro ƙarfen cire taya, wanda nake riƙe masa in muka yi faci a daji. Da shi na buɗa bakin birkin, taya ta zauna daram. Inna ta rangaɗa guɗa.

Baba ya hau ya zaga fili sau biyu, ya sauko yana haki yana murmushi. Sai ya tsaya yana duban bayan sirdi, inda babu komai sai taya.

“Wanga keke ba shi da wurin ɗauka?”

“Na yanzu haka suke, Baba. Zabira sai ka rataya.”

“Ba zabira nike faɗi ba,” in ji shi. “Kai ina za ka zauna?”

Ni da furfura ta fara fito mini yake nema wa wurin zama!

Komawa

Da hantsi washegari Baba ya aske jikan Arɗo, ya dawo da ƙwaryar nono a ɗaure a baya, don tun da yamma ya kwance kariyar tsohon keke ya ɗaure ta a jikin sabon da waya. Na samu motar da ta fito daga Gummi, na iso Anka kafin la'asar lafiya lau. Na gode wa Allah, na gode wa Malam Isuhu, akuya ma na yafe mata. Ƙarfen cire tayar nan kuwa yana aljihuna. Baba ne ya ba ni, ya ce dama ni ne mai riƙe shi.