Gadon Sama na Sadiku

A shekarar da soja suka koma bariki na cika shekara goma, kuma a shekarar ne aka raba mini shimfiɗa da ƙanena Sadiku. Manya suna ta zancen sabuwar gwamnati a bakin shagunan goro na Agege, mu kuwa a gidanmu babu zancen da ya kai na gado zafi.

Gidan haya ne irin na Legas, ɗakuna suna kallon juna, siririyar baranda ta ratsa tsakiya. Baba da Mama suna ɗaki guda, ni da Sadiku da Kaka, mahaifiyar Baba, muna na tsallake. A bayan gida ake girki, kuma can Kaka take baje kolin tatsuniyoyinta bayan sallar isha, musamman in an ɗauke wuta. Takan hura gawayi a kurfoti, ta ɗora ruwan zafin da take gasa wa Sadiku jiki da shi, mu zagaye ta har da 'ya'yan Yarabawan gidan, waɗanda Hausarsu ba ta wuce ta tatsuniya da ta neman tuwo ba.

Sadiku yana da ciwon sikila. Shekararsa bakwai, amma yana da wani hali da har yau yake ba ni haushi: ba ya kuka. In ciwon ya taso masa a ƙafa ko a ƙirji, sai ya cusa bakin zane a baki ya cije, jikinsa yana ɓari. Kunnen Kaka ya yi nauyi, in ta kwanta sai dai a taɓa ta. Ni kaɗai nake ganewa, domin bayana yana manne da nasa a katifa ɗaya. Da na ji wannan ɓari sai in ruga in buga wa Mama ƙofa.

Baba ya ce tunda na kai goma, addini ya ce a raba mana wurin kwana, kuma ba wanda ya ja da shi. Ɗakin ba zai ɗauki katifa uku ba, sai ya sa mai walda ya haɗa mana gadon ƙarfe mai hawa biyu. Ranar da aka kawo shi aka soma gardama. Baba ya ce Sadiku ya kwana a ƙasa, kada ya faɗo. Mama ta ce ƙasa akwai danshi, da damina ruwan kwata har ɗaki yake shigowa, sanyi kuwa shi ne babban abokin gabansa. Sadiku ya rungume tsanin gadon ya ƙi saki.

"Kullum ni ne kar ka hau, kar ka yi gudu, kar ka shiga ruwa," in ji shi. "Abeg, Baba, wannan ɗaya kawai."

Kaka ce ta raba gardamar. Ta ce, "Ku bar maigidana ya hau bene. Ko sau ɗaya ya ga tsakiyar kan mutane."

Kowa ya yi dariya, ban da ni. Da yamma na same ta tana fasa gawayi na ce, "Kaka, in yana can sama, ta yaya zan san ciwon ya tashi?" Ta dube ni, ta ci gaba da fasa gawayinta.

A daren nan ta buɗe tatsuniya da irin buɗewarta. "Ga wata nan tafe daga nesa, ƙafarta duk taɓo." Muka ce, "Ta wanke ta shigo."

Wai an yi wasu marayu, yarinya da ƙanenta, suna kwana a bukka ɗaya. Wata rana aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kogi ya ɓalle ya ratsa tsakaninsu, ita tana wannan gaɓa, shi yana waccan. Ba jirgi, ba mafito, ihu ma ba ya ƙetarawa. Sai yarinyar ta warware zanenta ɗaya tilo ya zama dogon zare, ta ba tsattsewa ta kai wa ƙanenta bakinsa. Ya ɗaura a hannu, ita ma ta ɗaura. In yunwa ta kama shi ya ja, ta aika masa da ɗanwake a ƙoƙo bisa ruwa. In kura ta zagayo ya ja, ta kunna wuta ta yi ta kururuwa har kura ta gudu. Dare da rana hannunta yana sauraron zaren, har ruwa ya janye suka haɗu.

"Nan ta tsaya," in ji Kaka, "wanda ya ga sauranta a hanya ya kawo mini."

Sadiku yana kwance a cinyarta, tana gasa masa gwiwa da tsumma. Ya ɗago kai ya ce, "Kaka, ita yarinyar yaushe take barci?"

Kaka ta ƙyalƙyale da dariya. "Kai dai da tambayar tsiya kake, maigida. Mutanen tatsuniya ba sa barci. Oya, a tashi."

Da muka shiga ɗaki ta ciro ulu kore daga kwandon saƙar Mama. Ta ɗaura baki ɗaya a wuyan hannunsa, ta zuro shi ta gefen gado, ta ɗaura ɗayan a nawa. Ta ce ba sai ya yi magana ba, ya ja kawai.

Dabarar ta yi aiki. Watanni muka yi a haka. Wani lokaci ciwo ne, in tashi Mama. Wani lokaci juyi kawai ya yi, in miƙe zumbur in same shi yana minshari. Wani lokacin kuma tsokana ce, ya ja ya ce, "Yaya, gwaji nake." Barcina ya zama rabi-rabi. Na fara gyangyaɗi a aji, malama ta zane ni, Mama ta ga shatar bulala a hannuna ta yi ta faɗa. Duk wannan a gaban Sadiku aka yi, yana zaune yana kallo da manyan idanun nan nasa.

Damina ta dawo, jarrabawar shiga sakandare ta matso. Ana gobe za mu rubuta aka wuni ana ruwa, kwanon rufi ya yi sanyi ƙalau, shi kuwa gadon sama dab da kwano yake. Kaka ta lulluɓe shi da bargo biyu, ta ɗaura mana zare kamar kullum. Na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba.

Salatin Mama ne ya tashe ni da asuba. Ta zo tashinmu salla ta same shi a dunƙule, jiki kamar wuta, numfashi da ƙyar, bakin bargo ya jiƙe sharkaf saboda cizo. Baba ya saɓa shi a kafaɗa suka fita neman mota. Sai da ɗakin ya yi tsit na lura zaren yana nan a hannuna. Na bi shi na hau tsani. Ɗaya bakin yana ɗaure a ƙarfen gado, ɗauri mai kyau, irin wanda Baba ya koya masa na huhun goro.

Kaka ta tura ni makaranta a dole, na rubuta abin da na rubuta. Sadiku bai dawo daga asibiti ba. Mama ta ce da ya ɗan farfaɗo, abin da ya fara tambaya shi ne, "Yaya ta tafi jarrabawar?"

Daga nan Kaka ba ta ƙara yin tatsuniya ba. In yaran gida sun taru sai ta ce bakinta ciwo yake. Sau ɗaya na ji ta tana magana ita kaɗai a gaban kurfoti, tana cewa, "Yaro ya yi mini tambaya, na yi dariya."

Na daɗe ina jin haushin kowa: Baba da gadonsa, Kaka da zarenta, har shi kansa Sadiku. Sai da na girma na gane cewa tatsuniya ɗaya aka yi mana a daren nan, amma ba abu ɗaya muka ji ba. Ni na ji labarin yarinyar da ba ta sakin zare. Shi kuwa yana tsallaken kogi, yana kallon yayarsa tana ramewa saboda shi, ga kuma babu wanda ya gaya masa cewa ita ta fi son a tashe ta sau dubu.

Bana babbar 'yata ta cika goma, lokacin raba mata shimfiɗa da ƙanenta ya yi. Na je wurin kafinta a nan Agege, ya yi ta tallata mini gado mai hawa biyu, wai ya fi adana wuri. Na ce ya yi mini ƙanana guda biyu, masu tsayi ɗaya, waɗanda in aka jera su hannu zai kai hannu. Ranar da aka kawo su na zaunar da ƙaramin a bakin nasa, na riƙe fuskarsa na ce, "In wani abu ya dame ka, ka tashe ta. In ba ta tashi ba, ka tashe ni. Ko gobe wace rana ce."

Ya ce, "Mama, ko da kin gaji?"

Na ce, "Musamman in na gaji."