Sarƙar da Inna Ta Auna da Wuyana

Shekarar da sojoji suka canza kuɗi, labarin ya iske mahaifiyata, Inna, tana ware ruɓaɓɓiyar albasa a tsakar gidanmu, wani ƙauye kusa da Danchadi. Rediyon maƙwabci ne ya faɗa: an sake launin takardun naira, an ba da 'yan kwanaki, duk wanda bai kai nasa banki ba, kuɗinsa sun tashi aiki. Inna ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Ni kaɗai na san dalili. Tun rasuwar Baba take tara kuɗi a wata tsohuwar tukunya ƙarƙashin gado, na albasa, na awaki, na ƙuli-ƙuli, don ta sayi injin niƙa ta huta da kallon hannun dangin miji. Ƙannen Baba ba su sani ba. Da sun sani, da tuni tukunyar ta koma dafa miya.

Muka yi sammako zuwa Bodinga, kuɗin na ɗaure a ƙugunta. Layin banki ya zagaye ginin ya miƙe har bakin titi, wasu da tabarminsu. Kwana da kwanaki muna zuwa muna komawa, ko ƙofar ba mu gani ba. Ana gobe wa'adi zai cika aka ce sababbin kuɗi sun ƙare, sai dai a karɓi naka a ba ka takardar shaida.

"In ba su kuɗɗina su ba ni takarda?" in ji Inna. "To mi ar ribata?"

Ta zauna daɓas a ƙasa. Ban taɓa ganin ta haka ba, ko ranar da Baba ya rasu, sai tsoro ya kama ni. Wata mata da ke bayanmu ta raɗa mata cewa akwai wata Hajiya a Shagari mai kawo gwal daga Makka, har yanzu tana karɓar tsohon kuɗi, don tana da ɗa a birni mai hanyar canzawa. Ta ce gwal ba ya mutuwa, in ƙura ta lafa sai a sayar a sayi injin.

Rana tsaka akori-kura ta sauke mu a Shagari. Mun tarar da mata cike da gidan Hajiya, kowacce da ƙullinta, kowacce ido ya raina fata. Hajiya ta baza sarƙoƙi a kan faranti, ta faɗi farashi ba ko kunya. Mu kuwa ba wadda ta taɓa riƙe gwal a cikinmu. Inna ta ɗauki siririya, ta ajiye. Ta ɗauki wata mai kauri ta jinjina a tafin hannu, ta matsa da farce, har da shinshinawa, yadda take yi wa albasa.

"Hajiya, don girman Allah, wagga gwal ta ko ruwa anka yi mata?"

"Haba Inna! Da hannuna nis sawo ta. In ba ki so, ga masu so nan."

Sai Inna ta waiwayo ta zuba wa wuyana ido. Tun ina yarinya jikina ba ya shiri da ƙarfen 'yan koli. Duk sarƙar da na sa sai ƙuraje sun feso min, har ƙawaye suna ce min mai fatar 'yan sarki, ni da ko takalmin kirki ba ni da shi.

"Ɗiyata za ta sa ta," in ji Inna. "In wuyanta ya amsa, bai yi ƙuraje ba, gwal ta, na saya."

Hajiya ta yi dariya, ta ce ta ba mu zuwa la'asar. Inna ta ɗaura min mai kaurin, ta zaunar da ni a tsakiyar rana don gumi ya hanzarta aikin. Na ce mata a hankali, "Inna, ƙurjin sai ya kwana hwa yaka hitowa." Ta ce, "Ba mu da kwana." Jim kaɗan sai ta zo ta ɗaga sarƙar ta leƙa, tana motsa baki da addu'a. Ni ma roƙon nake, amma ban san me zan roƙa ba, ƙurajen su fito ko kada su fito.

Aka kira la'asar wuyana sumul. Inna ta kwance ƙugunta ta miƙa kuɗin duka. Ta ce kada in cire, a wuyana ta fi tsira daga ɓarayin hanya.

Bayan wa'adi ya wuce na tashi da ƙaiƙayi. Ƙuraje ne ja, sun bi sawun sarƙar sun zagaye wuyan. Lokacin bazara ne, kowane yaro a ƙauyen yana fama da ƙurajen zafi. Inna ta ja ni bakin ƙofa inda haske yake, ta daɗe tana kallo. Ta cire sarƙar, ta shafa min hoda.

"Zahi na," in ji ta.

"Zahi na, Inna."

Ta naɗe sarƙar a tsumma ta saka a tukunya. Ba ta sayi injin ba, ba ta kai wa maƙeri ya gwada ba. Ko da yunwa ta matsa mu daga baya, na ce a sayar, sai ta ce a bari gwal ya ƙara tsada. Haka ta yi ta cewa har Allah ya yi mata rasuwa.

Sarƙar tana wurina yanzu. Akwai mai gwada gwal a bakin layinmu, kullum sai na wuce ta gaban shagonsa mun gaisa. Ban taɓa kai masa ba, ban kuma sake sa ta a wuyana ba.