Wata Bakwai na Baba

Shekarar da ruwan madatsar Bakolori ya ci gonarmu ta Maradun aka kama Baba, don ya tare wa motar kamfanin da ke aikin madatsar hanya. Wata bakwai yana tsare, yana jiran shari'a. Alƙali ya yanke masa wata bakwai, ya ce a ƙirga daga ranar kamu. Ke nan ranar zai koma gida. Amma magatakarda, ɗan garinmu, ya rubuta daga ranar hukunci. Baba ya sake yin wata bakwai, ya fito da tarin da ya kashe shi.

Yanzu magatakardan ya makance. Duk Talata a kasuwar Mafara yakan lalubo hannuna ya ce, "Ka yahe mani, ɗana."

Nakan ce, "Sai bayan wata bakwai, malam."

Ni ma kullum daga ranar da ya roƙe ni nake fara ƙirga masa.