Lambar Kaka a Ƙasan Rijiya

Har yau in na ji warin jiƙaƙƙiyar tsamiya da toka, kakana nake tunawa, zaune a gindin rumbu yana goge lambar rundunarsu. Tsohon sojan Faransi ne, kuma a ƙauyenmu na gefen Dungas shi kaɗai ya taɓa ganin teku.

Lambar ba ta kai tafin hannun jariri ba. A tsakiyarta akwai wani ƙarfe mai baki biyu, wanda kowa a gidanmu ya ɗauka ƙugiyar ciro guga ce. Kaka ya ce da shi ake tsayar da jirgi a kan ruwa, alamar sojan da suka ƙetare teku. Jinjirin watan da ke sama na musulmin cikinsu ne, baƙin fentin gefe kuwa na waɗanda ba su dawo ba. Yakan ɗora yatsa a kan baƙin ya jero sunayensu, mu kuwa muna ta ƙyalƙyala dariya, don ba mu yarda akwai ruwan da ba a hango gaɓarsa ba. Lambar ce kaɗai shaidarsa.

Sai shekarun fari suka zo. Gero ya ƙone tun yana ƙarami, rijiyar unguwa ta koma taɓo. Gwaggona, da ta sha jin ana cewa lambar alamar babban ruwa ce, ta ɗauke ta daga aljihun rigarsa ta ɗaura a igiyar guga, wai ko za ta kira ruwa. Ba mugunta ba ce, ƙishirwa ce. Zaren da ta ɗaura ta da shi ya tsinke, lambar ta faɗa rijiyar.

Samari suka shiga suka tona taɓon, ba su same ta ba. Kaka bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana leƙen rijiyar, sannan ya ce:

"Su ma haka aka bar su, ba kabari."

Daga ranar bai ƙara jero sunayen ba, mu ma ba mu tambaya ba. Kafin damina ya rasu.

Yanzu rairayi ya cike rijiyar, ƴan kabu-kabu na bi ta kanta. Jikata ta tambaye ni su wa Kaka ya baro a can. Na buɗe baki, wallahi ko suna ɗaya ban riƙe ba.